Ƙarshen Layi da Muryar Kakar Liatu

Ƙofar Ran, Bauchi
Litinin, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Injiniya Yagana,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki alhali ba wanda ya gabatar da ni gare ki. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina gogewa. Ina fata kina lafiya, ke da iyali da aiki.

Sunana Amatullah Izzuddeen, ina aji biyar a sakandaren 'yan matan da kika ziyarta a zangon da ya wuce. Ranar kin rubuta adireshin imel ɗinki a allo, kika ce duk wadda ta maƙale a harkar kwamfuta ta neme ki. Ba za ki tuna ni ba, ina can baya kuma ban yi tambaya ba.

Muna da kulob ɗin kwamfuta a hannun Malam Elisha. Muna haɗa shafin intanet na labaran tsofaffi, kuma muna ajiye aikin a manhajar Git kamar yadda kika ba mu shawara, domin ya riƙa rubuta wa ya yi me. Aikin da ya fi kowanne girma na ƙawata ne, Liatu. Da farkon damina ta je Zungur ta ɗauki muryar kakarta tana ba da labarin ƙuruciyarta, sannan ta zauna ta rubuta shi duka a kwamfutar makaranta, layi ɗari uku da goma sha biyu. Kakar ta rasu a watan Agusta.

Ranar Juma'ar da ta wuce Malam ya ce in duba kurakuran rubutun a gida. Na buɗe a kwamfutar ofis ta Baffana, na ga kalma ɗaya ta maimaitu a layi na arba'in, na goge ɗaya, na adana, na tura. Allah ne shaidata, abin da na yi ke nan.

Yau Malam ya buɗe aikin a gaban kowa. Git ya nuna wai na goge layukan duka na sake rubuta su. Sunan Liatu ya ɓace, nawa ya hau kan kowane layi. Kuma da waɗannan sunaye ne Malam zai zaɓi mutum biyu da za su je gasa. Liatu ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, "Har maganar kakata, Amatu?" Ta ɗauki jakarta ta fita.

Malam ya ce na'ura ba ta ƙarya. Ranar Juma'a za a zauna a ofishin Firinsifal. In aka tabbatar da laifin, za a cire ni daga kulob, a kuma rubuta wa Baffa takarda cewa na sace aikin wata. Baffa bai taɓa karɓar takarda irin wannan a kan ɗansa ko ɗaya ba.

Na jera rubutun nan biyu, tsohon da sabon, na bi su da yatsa har idona ya yi ja. Ban ga bambanci ba sai kalmar nan ɗaya. Don Allah, akwai yadda na'ura za ta ga abin da ido bai gani ba?

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ƙara girma.

Taki cikin ladabi,
Amatullah Izzuddeen

*

Abuja
Litinin da yamma

Amatullah,

Wa alaikumus salam. Daina ce mini Injiniya, sai in ji kamar an zo karɓar rahoto. Anti ta isa. Ni ma 'yar Bauchi ce, daga Inkil, a benci irin naku na zauna.

Kwantar da hankalinki, ba ki saci komai ba. Abin nan ya taɓa sa manyan ma'aikata faɗa a ofishinmu.

Ga abin da ya faru. A ƙarshen kowane layi akwai wata alama da ba a gani, ita ke gaya wa kwamfuta cewa layi ya ƙare. Kwamfutocin makarantarku Linux ne, na gan su, alama ɗaya suke sakawa. Ta Baffanki na tabbata Windows ce, ita biyu take sakawa. Da kika adana fayil ɗin, sai ta bi kowane layi ta ƙara masa alama ta biyu. Ke ba ki gani ba, Git ya gani, shi kuwa duk layin da aka taɓa ko da ɗigo ne, sabo ne a wurinsa, kuma na wanda ya taɓa ne.

Rubuta wannan, ki sa sunan fayil ɗin a ƙarshe:

git blame -w

Harafin w ɗin nan yana ce masa ya kawar da kai daga alamomin da ba a gani. Za ki ga sunan ƙawarki ya dawo.

Don kada a sake, buɗe sabon fayil mai suna .gitattributes ki rubuta a ciki:

*.txt text

Wato duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da txt rubutu ne, Git ya riƙa daidaita ƙarshen layukansa da kansa.

Ranar Juma'a ki buɗe kwamfuta a gaban Firinsifal ki nuna musu, magana ta ƙare. Gobe da asuba zan kama hanyar wani aiki a ƙauye, ban san yanayin sabis a can ba.

Ki gaida mutan gida.

Antinki,
Yagana

*

Ƙofar Ran
Talata, 7 ga Oktoba

Anti Yagana,

Assalamu alaikum. Ina fata kin sauka lafiya. Allah ya saka miki da alheri. Na rubuta umarnin bayan la'asar, sai ga sunan Liatu ya cika allon daga sama har ƙasa, nawa a layi na arba'in kawai. Na daɗe ina kallo. Inna ta leƙo ta tambaye ni ko ciwon kai nake yi.

Amma Anti, abin da kika ce in yi ranar Juma'a, ban san ko zan iya ba. Malam Elisha ya girmi Baffana. Shi ke ɗauko janareto daga gidansa a keke duk ranar da babu wuta, don kada kulob ya tashi. Sau uku ya faɗa a gaban 'yan aji cewa na'ura ba ta ƙarya. Yaya zan tsaya a gaban Firinsifal in nuna cewa bai san abin da yake koyarwa ba? Ko na yi gaskiya, a makarantarmu abin da za a riƙa faɗa shi ne yarinyar nan ta kunyata malaminta. In kuma na yi shiru, takarda za ta je wa Baffa. Tun jiya nake juya wannan.

Fayil ɗin da kika ce in buɗe, na buɗe. Na kuma yi wani ɗan ƙari, ina fata daidai ne. Na lura aikinmu ba txt kaɗai ba ne, akwai fayiloli iri-iri. A makaranta in malami ya gyara mana kuskure a shafi ɗaya, yakan ce mu bi littafin duka mu gyara irinsa, kada mu jira a nuna mana. Shi ya sa na cire txt ɗin na bar tauraron shi kaɗai, don dokar ta hau kan kowane fayil, kada a bar ko ɗaya.

Bayan haka na sauke wani nauyi da ke kaina. Tun makon jiya, kafin rigimar nan, Liatu ta ba ni katin waya mai ɗauke da muryar kakarta don in saka a ma'ajiyar aikinmu. Na kwafe a foldar aikin na mayar mata da katin, amma ban tura ba saboda girmansa. Yau na tura. Git ya fito da wani gargaɗi a kan ƙarshen layi, na gane alamar dokar tana aiki ke nan. Ina so gobe Liatu ta tarar da muryar a wurinta, ko zuciyarta za ta ɗan yi sanyi.

Na gode ƙwarai. Allah ya tsare hanya.

Ƙanwarki,
Amatullah

*

Ɗakin kwamfuta na makaranta
Laraba, 8 ga Oktoba, lokacin tara

Anti,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri, na sake rubutowa ban jira amsa ba.

Muryar ta lalace.

Da safe wata 'yar kulob, Salma, ta ga fayil ɗin ya iso, ta kunna a sifika. Kakar ta yi gaisuwa, ta fara faɗin sunanta, sai ƙara ta rufe ta, irin ta ruwan sama a kan kwano. Can muryar ta ɗan dawo, ta sake nutsewa. Haka har ƙarshe, minti goma sha ɗaya. Liatu tana tsaye a bakin ƙofa. Malam ya ce ta kawo katin a sake kwafa. Ta ce katin na wayar kawunta ne, ya karɓi abinsa tun ranar Asabar ya goge ya zuba hotunan biki. Ta ce babu wani kwafi a ko'ina, don ta ɗauka abin da ya shiga Git ba ya ɓata. Haka aka koya mana.

Malam ya ce wataƙila sabis ne ya yanke ana cikin turawa. Wasu suka yarda. Salma ta matso ta ce mini a hankali, "Ke dai duk abin da kika taɓa na Liatu sai ya mutu." Liatu ta zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa ta kifa kai.

Anti, na saurari muryar nan a gida kafin in tura, lafiyarta lau. Ba sabis ba ne, ko? Jikina yana ba ni ƙarin nan da na yi ne. Na farko an zarge ni da abin da ban yi ba. Wannan kuwa ina jin ni na yi, kuma ba wanda zai iya nunawa.

In za ki amsa, a nan kawai zan gani, kafin a tashi ƙarfe biyu. Baffa ya tafi da kwamfutarsa yau da safe, ofishinsu na karɓar tsofaffin kwamfutocin za a goge su a ba su sababbi.

Amatullah

*

Laraba, ɗaya da kwata

Amatullah,

Yanzu na samu sabis, na karanta biyun a tsaye a bakin hanya. Karanta wannan da kyau.

E, ƙarin ne. Fayiloli iri biyu ne a wurin Git. Akwai rubutu, mai layi-layi. Akwai kuma irin su murya da hoto, waɗanda ba su da layi ko ɗaya, jerin lambobi ne zalla, kuma kowace lamba tana da mazauninta. A cikin miliyoyin lambobin muryar nan, wasu sun yi kama da alamar ƙarshen layi ta Windows. Da kika ce wa Git komai rubutu ne, sai ya bi ya tsince su. Duk wadda ya cire, na bayanta sun goce daga mazauninsu. Ƙarar da kuka ji ke nan. Wanda ke cikin ma'ajiya ba zai gyaru ba, don Git bai rubuta inda ya cire ba.

Laifin ba naki ke kaɗai ba ne. Na ba ki doka ina sauri ban gaya miki iyakarta ba.

Yanzu abin da ya fi muhimmanci. Git ya lalata kwafin da ya ɗauka ne, bai taɓa wanda ke zaune a foldar ba. Muryar tana nan lafiya a kwamfutar Baffanki, in ba a goge ta ba. Ki same ta yau ko gobe da sassafe. In kin same ta, kada ki rubuta umarnin Git ko ɗaya, ko da na dubawa ne. Buɗe foldar da hannu, kwafe fayil ɗin a filashi biyu. Bayan nan ki mayar da dokar yadda na ba ki, ki ƙara wannan a ƙasa don Git ya daina taɓa fayil ɗin murya, sannan ki sake turawa:

*.wav binary

Na san abin da wannan ke nufi. Ba yadda za ki kai ga kwamfutar nan sai ta hannun Baffa, kuma sai ya ji dalili.

Maganar Malam Elisha kuwa, kin fi ni gaskiya. Na daɗe a ofis, na manta. Same shi shi kaɗai, ki roƙe shi ya rubuta umarnin da hannunsa.

Tashi ki tafi.

Yagana

*

Makaranta
Alhamis, 9 ga Oktoba

Anti Yagana,

Assalamu alaikum. Ina fata kin koma gida lafiya.

Na gaya wa Baffa jiya bayan magariba. Yana kan tabarma yana jiran abinci, na durƙusa daga nesa na fara, Inna ta fito daga kicin ta tsaya. Na faɗa masa duka, da zaman Juma'a, da takardar da za a rubuto masa. Bai katse ni ba. Da na gama bai tambayi komai a kan takardar ba. Ya tambaya ko tsohuwar tana da rai, na ce ta rasu. Ya tambaya ko iyalanta suna da wata muryar tata, na ce babu. Ya ɗauki waya ya kira mai kula da sito na ofishinsu, wani Lucky, wayar a kashe. Ya kira sau huɗu. Daga nan ya ce in je in ci abinci. Ban iya ci ba.

Ƙarfe bakwai na safe muna ƙofar ofishin, ni da kayan makaranta. Lucky bai zo ba sai takwas saura. Ya ce mai gogewar ya yi aiki jiya har la'asar, ya gama fiye da rabi, duk wadda ya gama ya manna mata jar takarda. Kwamfutocin suna jibge a kan tebur biyu, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya. Baffa, da babbar rigarsa, ya tsuguna yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana duba lamba. Lucky yana ta cewa, "Oga, bari ni in duba," Baffa bai ko ɗago ba. Na ƙirga ja goma sha huɗu kafin ya tsaya. Tamu ba ta da takarda. Saura biyu a kai gare ta.

Batirin ya mutu, kuma babu wuta. Sai da muka kai ta shagon mai cajin waya a tsallaken titi. Na yi yadda kika ce, ban taɓa Git ba. Na kwafe a filashi biyu, na sa abin ji a kunne. Tana nan, Anti. Tun daga gaisuwa har inda take dariya a ƙarshe.

Baffa ya raka ni a keke har ƙofar makaranta. Ya ce, "Filashi ɗaya ki ba yarinyar a hannunta. Ba na makaranta ba ne, nasu ne."

Da aka fita tara na sami Malam Elisha shi kaɗai. Na ce akwai umarnin da aka nuna mini, ina so ya duba mini ko na fahimce shi daidai. Ya rubuta da kansa. Da sunan Liatu ya cika allon, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan ya ce gobe shi zai yi bayani a gaban Firinsifal, kuma zai ce ya yi gaggawar yanke hukunci.

Sai na gaya masa maganar muryar. Ya saurara, ya ce tunda an samu mai kyau, in tura ta kawai a wuce wurin. Ya ce kowa ya riga ya ɗauka sabis ne, kuma in na ta da maganar gobe, Firinsifal ba za ta bambance na farko da na biyu ba, abin da za ta ji kawai shi ne na sa wa aikin kulob doka ba da izini ba har na lalata abu. Ya ce yana so in je gasar nan. Na san don ni yake faɗa.

Amma Liatu tun jiya tana ganin ita ta yi sakaci da muryar kakarta, da ta bar kawunta ya goge katin. Salma ta ce ko a gida ba ta faɗa ba. In na miƙa mata filashin na ce sabis ne, za ta yi mini godiya. Wannan godiyar ce nake tsoro.

Ba ta zo makaranta yau ba. Filashin yana aljihuna.

Ƙanwarki,
Amatullah

*

Ƙofar Ran
Asabar, 11 ga Oktoba

Anti Yagana,

Assalamu alaikum. Da wayar Inna nake rubutowa. Amsarki ban gan ta ba sai bayan an tashi daga zaman, don haka ban yi aiki da ita ba, ki yi haƙuri.

Malam ya yi bayaninsa, ya wanke ni. Firinsifal ta rufe fayil ɗinta ta ce ko akwai mai magana. Na ce akwai. Na faɗi abin da na yi wa muryar, ban kalli Malam ba. Na ajiye filashin a gaban Liatu.

Ta ce sai ta ji. Aka sa mata a kwamfutar ofis, ta saurara tun daga farko har ƙarshe, mu duka muna zaune, Firinsifal ba ta hana ta ba. Da ta cire abin jin ta ce, "A minti na bakwai ta yi tari. Yana nan."

Ba za a rubuta wa Baffa ba, kuma ina nan a kulob. Gasar kuwa an cire sunana, Liatu da Salma za su je.

A bakin ƙofa na tsayar da Liatu na ce ta yafe mini. Ta riƙe filashin da hannu biyu, ta dube ni, ta ce, "Ba yau ba, Amatu." Ta tafi neman keke.

Ban san tsawon lokacin da zan jira ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya a nan. In ba zan takura miki ba, Anti, ki ba ni izini in sake rubuto miki.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya.

Ƙanwarki,
Amatullah